Yadda kaset ɗin filasha na tsofaffin na'urorin gem ke adana wasa, da abin da ke sa ajiyar ta salwanta

Duk wanda ya taɓa zama a gidan gem a Jere, ko Kagarko, ko Kwoi, ko Kafanchan, ya san irin ihun da yara ke yi idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa. Idan ƙwallon ƙafa ake bugawa, asarar ba ta wuce ta minti goma ba, a tayar da janareto a sake daga farko. Amma akwai wasannin da ake shafe makonni ana bi mataki bayan mataki, kuma a irinsu ne ɗaukewar wuta ta daƙiƙa guda ke iya share aikin wata guda.

Matsalar ta ɗauki sabon salo tun da masu sha'awar tsofaffin na'urori irin su Sega Mega Drive da Super Nintendo da Game Boy suka fara amfani da abin da ake kira kaset ɗin filasha. Kaset ne mai siffar na asali, sai dai yana da ramin da ake zura katin memori irin na waya, a zuba masa ɗaruruwan wasanni. Masu saye da dama na ɗauka cewa da zarar gem ya nuna ya adana inda aka tsaya, ajiyar ta shiga katin memori ke nan. A yawancin irin waɗannan kaset ba haka abin yake ba. Akwai tazara tsakanin lokacin da gem ya ce ya adana da lokacin da ajiyar ke isa katin, kuma a cikin wannan tazara ake yin mafi yawan asara.

Kafin a gane dalilin tazarar, sai an koma ga yadda aka ƙera kaset na asali.

Ma'adana biyu a kaset ɗaya

A cikin tsohon kaset akwai allon lantarki ɗauke da ƙwayoyi baƙaƙe. Babbar cikinsu ita ce ROM, wadda ke ɗauke da gem ɗin kansa: hotuna, kiɗa da dokokin wasa. Tun a masana'anta aka dasa mata abin da ke cikinta, ba a iya gogewa ba a iya ƙarawa, kuma ba ta buƙatar wuta don ta riƙe shi. Shi ya sa kaset mai shekara 35 ke tashi yau kamar jiya aka saye shi, matuƙar haƙoransa na ƙarfe ba su yi tsatsa ba.

Tunda ba a rubutu a kan ROM, wasannin farko ba su da inda za su ajiye ci gaban ɗan wasa. Na'urar Famicom, wadda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983 kuma ta shiga Amurka a 1985 da sunan NES, haka ta fara: idan aka kashe, an koma farko. Wasu kamfanoni suka ɓullo da dabarar lambobin sirri. Gem zai nuna jerin haruffa, ɗan wasa ya kwafa a takarda, gobe ya shigar da su ya ci gaba. Wasan Metroid na cikin waɗanda suka yi suna da wannan tsari. A gaskiya haruffan su ne ajiyar, takardar kuma ita ce memorin.

Sauyin ya zo da wasanni irin su The Legend of Zelda, wanda ya fito a kaset a Amurka a 1987. An ƙara masa ƙwaya ta biyu mai suna SRAM, wadda ake iya rubutu a kanta nan take, amma tana mantuwa da zarar wuta ta yanke. Don kada ta manta, sai aka liƙa mata ɗan batir mai siffar kwabo, samfurin CR2032, yana ba ta 'yar wuta dare da rana ko da kaset na kwance a cikin akwati. Girman wannan ma'adana kilobait 8 ne, wato wurin haruffa 8,192. Ko rubutun nan da ake karantawa ba zai shiga cikinta ba.

Tun a lokacin an san hatsarin yankewar wuta. Nintendo ya riƙa gargaɗin masu irin waɗannan kaset su danne maɓallin Reset yayin da suke kashe na'ura, saboda a daidai lokacin da wuta ke janyewa ƙwaƙwalwar na'urar na iya rikicewa ta watsa shirme a kan ajiyar. A ƙasar da wuta ke tafiya ba sallama, babu wanda zai samu sukunin danne maɓalli.

Batirin kuma yana da wa'adi. Wasu sun yi shekara 15, wasu sun haura 20, amma ranar da ya mutu ajiyar ta bi shi. Masu wasan Pokémon Gold da Silver, waɗanda suka fito a Japan a 1999, sun fi kowa ɗanɗana wannan, domin kaset ɗinsu na da agogo a ciki da ke shan batirin da ke riƙe ajiyar, sai ya ƙare da wuri fiye da na Pokémon Red da Blue da suka riga su fitowa.

Kamfanoni sun nemi hanyoyin da ba sa buƙatar batir. Sonic the Hedgehog 3 na 1994 ya yi amfani da wata ƙwaya mai suna FRAM, wadda ke riƙe rubutu ba tare da wuta ba. Wasu suka koma ga EEPROM, mai ɗan ƙaramin ciki amma mai ɗorewa. A na'urar Nintendo 64 ta 1996 abin ya zama kasuwar bukata: Super Mario 64 na adanawa a EEPROM mai bait 512 kacal, Ocarina of Time na amfani da SRAM mai kilobait 32 da batir, Majora's Mask na da ƙwayar filasha mai kilobait 128, wasu wasannin kuma sai an cusa musu wani ɗan memori na daban a gindin abin riƙewa. Game Boy Advance na 2001 ma haka, iri uku ne: EEPROM, SRAM da filasha.

Kamfanin Sony ya bi wata hanya dabam, wadda ita ce aka fi sani a gidajen gem na Arewa. Tunda faifan CD ba ya karɓar rubutu, PlayStation ta 1994 ta zo da katin memori na musamman mai kilobait 128, an raba shi gida 15. PlayStation 2 ta shekarar 2000 ta ɗaga shi zuwa megabait 8. Wannan kati ne masu gidajen gem ke kaffa-kaffa da shi, domin a cikinsa ƙungiyoyin Master League na wasan Winning Eleven ke kwana.

Kaset mai kwaikwayo

Fasahar filasha ta samo asali ne a kamfanin Toshiba na Japan, inda injiniya Fujio Masuoka ya ƙirƙiro ta a shekarun 1980. Ita ce a cikin filashin kwamfuta da memorin waya. Katin SD ya biyo baya a 1999 bisa haɗin gwiwar Toshiba da SanDisk da Panasonic, ƙaramin cikinsu kuma, microSD, ya samu wannan suna a 2005.

Tsohuwar na'ura ba ta san da katin SD ba, an ƙera ta tun kafin a yi shi. Abin da ta iya shi ne magana da ROM da ƙwayar ajiya irin ta zamaninta. Saboda haka aikin kaset ɗin filasha kwaikwayo ne. Idan aka kunna, sai ya nuna jerin wasannin da ke cikin katin. Wanda aka zaɓa sai a kwafe shi zuwa wata ma'adana mai sauri a cikin kaset ɗin, sannan wata ƙwaya da ake iya sauya wa tsari, mai suna FPGA, ta rikiɗe ta yi kamar ita ce allon kaset na asali. Na'ura sai ta ɗauka kaset ɗin 1992 aka zura mata.

Sanannun samfura sun haɗa da EverDrive, wanda injiniya ɗan ƙasar Yukren Igor Golubovskiy, da aka fi sani da Krikzz, ke ƙerawa. Da SD2SNES da aka ƙirƙira a Jamus, wanda daga baya aka sauya wa suna zuwa FXPAK Pro. Da EZ-Flash na ƙasar Sin. Akwai kuma tarin jabu masu kwaikwayon waɗannan, waɗanda suka fi araha a shagunan intanet.

Tambayar ita ce, me zai hana gem ya rubuta ajiyarsa kai tsaye a katin memori? Amsar tana cikin bambancin ɗabi'ar ma'adanan biyu. Tsohon gem ya saba rubuta bait ɗaya a SRAM ya wuce, ba jira. Katin SD kuwa ba ya karɓar rubutu sai a dunƙule, bait 512 a lokaci guda, kuma sai an gyara jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake, abin da ke ɗaukar lokacin da tsohon gem bai san da shi ba. Don haka kaset ɗin filasha kan bar gem ya yi rubutunsa a wata ma'adana ta wucin gadi a cikinsa, daga baya shi kuma ya kwashe ya mayar fayil a kan katin. Kamar mai shago ne da ke riƙe lissafin masu karɓar bashi a ka tun safe, sai dare ya zauna ya shigar a littafi. Duk abin da ya same shi kafin dare, lissafin ya tafi.

Yaushe ne ake kwashewar? Nan ne samfura suka bambanta, kuma nan ne ya kamata mai saye ya tsaya ya yi tambaya kafin ya biya kuɗi.

Samfura masu sauƙin kuɗi, irin su Mega EverDrive X3 da EverDrive 64 X5, ba su da batirin riƙe ajiya. Bayan an adana a cikin gem, wajibi ne a danna Reset a koma jerin wasanni, a lokacin ne kaset ke rubuta fayil ɗin. Wanda ya adana ya kashe na'ura kai tsaye, ko aka ɗauke masa wuta kafin ya danna, ya yi asarar duk abin da ya buga tun kunnawar ƙarshe, ko da gem ɗin ya nuna masa sau biyar cewa an adana. Tsohon kaset ɗin PowerPak na NES, wanda ya fito a 2007, shi ma sai an danne Reset an koma menu.

Samfura masu tsada, irin su EverDrive 64 X7, na da batir a ciki kamar kaset na asali. Ajiyar na zama a cikin kaset bayan an kashe, sai a kunnawa ta gaba, ko lokacin da aka zaɓi wani gem, sannan ta sauka a kati. Wannan ya fi dacewa da garin da wuta ba ta da tabbas. Amma yana da nasa tarkon. Wanda ya gama wasa ya zare katin nan take ya kwafe a kwamfuta, tsohon fayil ya kwafa, sabuwar ajiyar na nan cikin kaset. Idan batirin ya raunana kuma, an koma gidan jiya. Masu amfani da EZ-Flash Junior na Game Boy sun sha kokawa da hakan, domin shi ma sai an sake kunnawa yake tura ajiya zuwa kati, kuma kafin nan batir ne kaɗai ke riƙe da ita.

Kashi na uku su ne masu sa ido a kan ma'adanar wucin gadi, da zarar sun ga sauyi su rubuta a kati ana cikin wasa. FXPAK Pro haka yake yi, haka ma EZ-Flash Omega na Game Boy Advance. A nan tazarar ta 'yan daƙiƙoƙi ce, sai dai hatsarinta ya fi muni. Idan wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, ba ajiyar kaɗai ke iya lalacewa ba, har jadawalin katin na iya rikicewa a rasa wasu fayilolin da ba ruwansu. Shi ya sa ake shawartar masu Omega su jira ɗan lokaci bayan adanawa kafin su kashe.

Ga mai na'ura a Jere ko Kafanchan, wannan bayani na nufin ƙaramar inbata ko batirin sola da zai riƙe na'ura da talabijin na minti biyu ya fi ƙarin gigabait amfani. Waɗannan na'urori ba sa cin wuta sosai. Na hannu irin su Game Boy kuma matsalarsu batirin da ke cikinsu ce: idan fitilar ta fara dushewa, lokacin adanawa da komawa menu ya yi.

Suna, nau'i da yanki

Ajiyar da ta isa kati fayil ce kamar kowace, yawanci mai ƙarewa da .sav ko .srm, a Nintendo 64 kuma akan ga .eep da .sra da .fla gwargwadon ƙwayar da ake kwaikwaya. Kaset na gane ajiyar gem ta hanyar suna. Idan aka sauya sunan gem ko da harafi ɗaya ne ba a sauya na ajiyar ba, gem zai tashi fayau kamar ba a taɓa buga shi ba. Mutane kan ɗauka ajiyar ta goge, alhali tana nan a folda da tsohon suna.

Haka kuma sai kaset ya san irin ƙwayar da zai kwaikwaya. Yakan duba wani jeri da aka saka masa ya gane gem ɗin. Idan gem ɗin wanda aka yi wa kwaskwarima ne ko aka fassara, yana iya kuskuren nau'i, sai gem ya nemi filasha ya tarar da SRAM, ya ƙi adanawa. Wasannin Pokémon na Game Boy Advance, masu buƙatar filasha mai kilobait 128, sun yi ƙaurin suna a wannan. Yawancin kaset na da wurin da ake zaɓar nau'in da hannu.

Batun yanki ma ya shafi Najeriya, inda kayan gwanjo ke shigowa daga Turai da Amurka da Japan a cakuɗe. Gem ɗaya kan fito a bugu uku, kuma ajiyar bugun Turai ba lallai ta buɗe a bugun Amurka ba. A gefe guda, na'urar Japan an yi ta ne don wutar bolt 100, ta Amurka 120, alhali ta Najeriya 230 ce. Wanda ya cusa ta a soket ba tare da na'urar rage ƙarfin wuta ba, ba ajiya kaɗai zai rasa ba.

Wasu kaset na da wata hanya ta daban, wadda ke ɗaukar hoton duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwar na'ura a daƙiƙar da aka danna, a dawo daidai wurin ko da gem ɗin ba shi da tsarin adanawa. Tana da daɗi ga wasanni irin su Sonic na farko, amma ba abin dogaro ba ce na tsawon lokaci, domin irin wannan fayil ba kasafai yake aiki a wani kaset ba, wani lokaci ma sabunta manhajar kaset ɗin kan sa ya daina buɗewa. Ajiyar da gem ya yi da kansa ita ce ake iya ɗauka daga kaset zuwa kwamfuta ko waya.

Katin da ke ƙarya

Tsofaffin wasanni ƙanana ne ƙwarai. Super Mario Bros. kilobait 40 ne. Yawancin na Mega Drive ba sa wuce megabait 4, mafi girman na Game Boy Advance megabait 32, na Nintendo 64 kuma 64. Kati mai gigabait 8 ko 16 ya ishi kowa har ya yi saura. Katunan da ba su wuce gigabait 32 ba na zuwa da tsarin FAT32, wanda kusan kowane kaset ke karantawa, waɗanda suka haura kuma na zuwa da exFAT, wanda tsofaffin kaset da yawa ba su sani ba sai an sake musu fomatin.

Babbar barazana ita ce katin jabu. Duk mai hulɗa da kasuwannin waya, daga Banex a Abuja zuwa Farm Centre a Kano da Computer Village a Ikeja, ya san ana samun mai kyau ana samun gurɓatacce a cikin kaya. Katin jabu an shirya shi ya faɗi girman da ba shi da shi: jikinsa da kwamfuta duka su nuna gigabait 64, alhali ainihin cikinsa 8 ne. Yana aiki lafiya har sai wurin gaskiya ya cika, daga nan sabon rubutu ko ya bi iska ko ya hau kan tsoho, ba tare da wani gargaɗi ba. Araha ba ta ado. Akwai manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke cika katin gaba ɗaya ta sake karantawa, ta fallasa ainihin girmansa, kuma gwajin ya kamata a yi shi tun ranar saye, kafin a zuba komai.

Kati na gaskiya ma ba ya dawwama. Kowane gurbi na filasha na da iyakar rubutun da zai ɗauka, kuma katin da aka ajiye shekaru ba a amfani da shi na iya zubar da abin da ke cikinsa, zafi kuma na hanzarta hakan. Foldar ajiya gaba ɗaya ba ta kai girman hoto ɗaya na waya ba, don haka kwafe ta zuwa kwamfuta ko waya lokaci-lokaci ba wani aiki ba ne.

Akwai kuma ɓangaren doka. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023 kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ke aiwatarwa, ta haɗa da manhajojin kwamfuta, kuma tsufan gem ba ya cire shi daga kariya. Nintendo ya sha kai masu sayar da irin waɗannan kaya kotu. A 2010 Babbar Kotun Ingila ta haramta sayar da kaset ɗin R4 na na'urar Nintendo DS. Mai gidan gem da ke karɓar kuɗi a kan kwafin wasanni ya fi mai wasa a ɗakinsa kusa da fushin hukuma.

Ga waɗanda ke da kaset na asali da har yanzu ajiyarsa ke raye, lokaci ne ke ƙure musu, domin batirin da aka liƙa a shekarun 1990 ya daɗe da wuce wa'adinsa. Kowane mai gyaran waya da ya iya riƙe ƙarfen dalma zai iya sauya shi cikin minti kaɗan, amma da zarar an cire tsohon, SRAM ta manta komai. Dole a fara kwashe ajiyar da na'urori irin su Retrode ko GB Operator ko GBxCart, waɗanda ke haɗa kaset da kwamfuta, sannan a sauya batir a mayar da ita. Fayil ɗin da aka kwashe kuma yawanci ana iya zuba shi a kaset ɗin filasha a ci gaba daga inda aka tsaya, bayan an daidaita sunansa.

Al'adar hura iska da baki a cikin kaset idan ya ƙi tashi, wadda kusan kowane yaro ya gada, tana ƙara masa laima ne da ke jawo tsatsa. Ƙurar hunturu da ta taru a haƙoransa ana goge ta da auduga da ɗan sifirit, a bari ya bushe. Tsohon batirin da aka cire kuma kada a bar shi a ƙasa ko a kan tebur: girmansa daidai bakin yaro ne, kuma idan aka haɗiye shi ya maƙale yana iya ƙona maƙogwaro cikin sa'o'i biyu, abin da ke buƙatar a garzaya asibiti nan take.